Ɗigon Mai a Rigar Ruwa

A masana'antar ɗinkin ba wanda yake kiranta da sunan yanka. Likita ake ce mata, tun daga mai gadi har Manaja. Shekararta goma sha bakwai a kan keke na uku daga taga, a dogon ɗakin da ake ɗinka kayan 'yan makaranta da na ma'aikatan asibiti. A cikin shekarun nan kunnenta ya gama sanin kukan kowane keke. In wani ya fara ciwo daga can ƙarshen layi, ita ke fara ji kafin mai shi ta ankara. Sai ka ga ta ɗaga kai ta ce, "Ke mai jan ɗankwali, tsaya haka nan, allurarki ta lanƙwashe." A duba a tarar haka ne.

Akwai bakanike, amma shi kaɗai ne ga kekuna sittin, ga shi da son shayi da doguwar hira. Saboda haka duk wadda zarenta ya kama tsinkewa, ko ɗinkinta ya fara tsallake, wurin Likita take zuwa ta tsaya tana murza hannu. Likita ba ta tashi nan take. Sai ta kai ƙarshen ɗinkin da ke gabanta, ta yanke zare, ta gyara zaman tabarau, sannan ta ciro ƙaramin sukundireba daga aljihun rigar aiki. In ta isa wurin keken sai ta ba mai shi baya, ta yi abin da za ta yi cikin minti biyu, ta ce, "Taka mu ji." A taka, keke ya ɗauki kuka mai daɗi. In an tambaye ta abin da ta taɓa, amsarta ɗaya ce: "Ke dai ci gaba da aikinki."

A ganinta wannan ba rowa ba ce. Ita ma ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Da yatsunta ta saya, har yau akwai tabon allura biyu a babban yatsanta na hagu. Kuma in za ta faɗi gaskiya, ba abin da ke mata daɗi a wurin aikin nan kamar ta ji an ce, "Likita, don Allah."

Ita ce ta samar wa ƙanwarta aiki a nan. Auta ce a ɗakinsu, shekara goma sha ɗaya tsakaninsu, Likita ce ma ta goya ta. Auta ba ta kai yayarta iya ɗinki ba, ko kusa. Abin da Allah ya ba ta baki ne da tambaya. Komai aka yi sai ta ce, "To me ya sa?" Kafin ta cika shekara ta san sunan kowa, ta san 'ya'yan kowa, tana gaisawa da masu yanka da masu guga da masu sito, mutanen da Likita ke wucewa kullum da ɗaga hannu kawai.

Abin ya faro ne lokacin da ciwon haƙori ya kwantar da Likita kwana huɗu. Ranar da ta dawo, kumatunta bai gama saɓewa ba, ta shigo tana sa ran tarar da layi ya watse. Ta ma shirya irin faɗan da za ta yi. Sai ta tarar da kekuna suna gudu lafiya lau.

"Bakanike ya tuba ya bar shayi ke nan?" ta tambayi Doguwa, wadda ke zaune kusa da ita.

"Ina fa. Auta ce ta tara mu a barandar bayan sito lokacin hutun rana. Kowa ta faɗi abin da ke damun kekenta, wadda ta sani ta faɗa. Ashe Kurma ta san gyaran ƙoshiyar zare tun tuni, ba wanda ya taɓa tambayarta."

Kurma ba kurma ba ce, rashin maganarta ne ya jawo mata sunan. Likita ta dubi inda take zaune ta ce, "Madalla," ta zura zare a allura. Sau uku tana kuskure ramin.

Ta ɗauka wasan kwana biyu ne. Sai ya zama duk Laraba. Mata biyar suka koma goma sha biyu. Masu yanka suka fara zuwa, sai masu guga, har bakanike ya ɗauko kofin shayinsa ya zauna a kan buhun ƙyalle yana bayanin abubuwan da shekara da shekaru ba wanda ya san ya iya bayaninsu. Auta ta sayo babban littafi ta ɗaure shi da igiya a jikin ƙusa kusa da ƙofar sito. Duk matsalar da aka warware sai a rubuta, har da zane. Daga baya suka buɗe guruf na hira a waya, ma'aikatan ɗaya reshen masana'antar da ke can ƙetaren gari suka shigo. Mace za ta ɗauki hoton ɗinkin da ya tattare ta tura, kafin ta gama shan ruwa amsa uku sun shigo.

Auta ta gayyaci yayarta tun Larabar farko, ta kuma sake, ta sake.

"Yaya, ki zo mana. Wallahi rabin abin da muke ta lalube ke a kanki yake."

"Hutun nawa na minti arba'in zan ɓata wurin surutu? Ku dai yi ta makarantarku."

Auta ta sa ta a guruf ɗin, Likita ta fita. Amma duk Laraba abincinta ba ya wucewa da daɗi. Tana zaune ita kaɗai a ɗakin da ya yi tsit, tana jiyo dariyarsu ta taga. Masu zuwa wurinta suka ragu. Da a yini sai ta tashi sau goma, yanzu sai ta wuni sukundirebanta bai fito daga aljihu ba. Wata rana ta ji keken wata sabuwar ma'aikaciya yana ƙara, ta ajiye aikinta tana jiran a zo. Sai ta ga matar ta tashi ta wuce ta gabanta, ta nufi ƙofar sito, ta buɗe littafin nan tana bin layi da yatsa. Ta dawo ta gyara da kanta. Likita ta ji kamar an mare ta a gaban jama'a.

Abin da ya fi ƙona mata rai ya zo ne ta bakin Doguwa. Suna ɗinka riguna masu yadi marar kauri, ramin maɓalli yana ta yagewa, sai Doguwa ta yago 'yar takarda ta shimfiɗa a ƙarƙashin yadin.

"Wa ya nuna miki wannan?" in ji Likita.

"Dabarar Auta ce. Ba ki sani ba? Gwada ki gani, kamar sihiri."

Likita ta tsaya tana kallonta. Ita ce ta nuna wa Auta wannan, a tsakar gidan mahaifiyarsu, a kan tsohon keken hannu, tun Auta ba ta san gaban allura da bayanta ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga in ta faɗa ita ce za ta zama ƙarama. Ta haɗiye. Da aka tashi ta bi ta ƙofar sito kamar mai neman wani abu, ta buɗe littafin. A ƙasan shafin, da rubutun Auta, an sa: "Daga Likita na koya." Ta karanta sau biyu. Maimakon ta huce, sai ta ƙara jin haushi. Wa ke karanta ƙasan shafi? Kuma wa ya ba ta izinin ta rubuta?

Ranar hutu suka haɗu a gidan Inna, mahaifiyarsu. Suna zaune a inuwar baranda, Inna tana tsince shinkafa a faranti, Auta tana ba da labari da hannu da ƙafa. Manaja ya ba su ɗakin da ake tara tsofaffin kekuna, ya sa an kawo benci da allo. Ya ce tun da aka fara zaman Laraba kayan da ake mayarwa gyara sun ragu sosai, sababbin ma'aikata kuma suna kama aiki a mako uku maimakon wata biyu. Ya ma ce ta shirya, za ta yi bayani a gaban masu masana'antar.

"Kai, Allah ya yi albarka," in ji Inna. "Autata a gaban manya. Ke babba, ba ki ce komai ba."

"Me zan ce, Inna? Wanda ya iya baki ai shi ake gani. Mu masu aiki da hannu sai dai ciwon baya."

"Yaya, ai ba ni nake gyaran ba. Ni tara mutane kawai nake yi."

"Na sani. Kayan wasu kike tarawa ki sa a littafi."

Idon Auta ya kawo ruwa. Inna ta ajiye farantin ta dubi babbar 'yarta ta saman ido. "Tun kina shekara goma sha ɗaya, ranar da aka haifi yarinyar nan, kika ƙi cin abinci kwana biyu. Na ɗauka kin warke."

"Haba Inna, ni zan yi ƙyashin Auta? A kan me?"

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan."

A hanyar gida Likita ta yi ta maimaita maganar a ranta tana kawo amsoshin da ya kamata ta bayar. Da ta gaya wa maigidanta, direban motar haya ne mai sanyin hali, sai ya ce, "To ki je zaman mana, ki fi su iyawa a can." Ta ce masa shi ma bai fahimta ba, ta shige ɗaki.

Bayan wata guda masana'antar ta samu aikin da ba ta taɓa yi ba: rigunan ruwa dubu uku na ma'aikatan shara, a gama kafin damina ta sauka. Yadin mai santsi ne ta ciki, ta waje kuma an shafe shi da roba. Tun ranar farko ya gagari kowa. Robar tana manne wa ƙafar keke, ƙarfen nan da ke danne yadi, sai yadin ya ƙi tafiya, ɗinki ya taru wuri ɗaya ya tattare. Aka kawo sabon inji na liƙa wani siririn tef da zafi a kan kowane ɗinki ta ciki, don kada ruwa ya bi ramin allura. Aka ɗora wata mata daga ɗaya reshen a kansa, wadda ta taɓa irin aikin a wani wuri. Nan da nan aka sa mata Mai Liƙi. Amma ita ma zaune take, don ba a kawo mata abin da za ta liƙa ba.

Likita ta ɗinka taku ɗaya ta gane matsalar. Ta taɓa fama da irin wannan a kan jakunkuna, shekaru da yawa da suka wuce. Ta ɗiga man keke a yatsa, ta shafa siriri a kan layin da allura za ta bi, ta taka. Yadin ya zame kamar ruwa, ɗinki ya fito a miƙe tsaf. Zuciyarta ta yi fari irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Ta duba hagu da dama. Ba wanda ya gani. Ta zuba man a murfin kwalba, ta ɓoye a cikin aljihun tebur, ta ci gaba.

Layinta mata shida ne, ita ke haɗa kafaɗa da hannu, wato ɗinkin da ya fi wuya. Sauran ta karɓi nasu ta ce su riƙa yi mata aljihu da hula, ita za ta ja dogayen ɗinkunan. Kafin a tashi ta haɗa riga arba'in, sauran layuka ko goma ba su kai ba. Manaja ya zo ya ɗaga ɗaya yana jujjuyawa.

"Likita, Likita! Yaya kika yi?"

"Hannu ne, ranka ya daɗe."

Auta ta zo da rana, ta durƙusa a gefen keken yadda take yi tun tana ƙarama in tana son abu. "Yaya, mutane sun rasa yadda za su yi. Kurma har kuka ta yi. Me kike sa wa?"

"Ba ku duba littafi ba?"

"Yaya."

"Ku tambayi guruf. Ai kun fi ni yawa."

Auta ta tashi ta tafi. Likita ta bi bayanta da kallo. Abin da take so bai wuce ɗaya ba: su taso gaba ɗayansu, da bakaniken da masu allon, su zo su tsaya a gaban kekenta kowa yana gani. A ranar za ta faɗa. Ta ba su kwana uku a ranta.

Ba su zo ba. Ba su jira Laraba ba ma, kullum da hutun rana suna ɗakin tsofaffin kekuna da guntayen yadi. Doguwa ke kawo mata labari ba tare da ta tambaya ba. Wata ta gwada hoda, ta ɓata yadin. Wani mai yanka ya ce a sa takarda, aka ga cire ta zai ci lokaci. A rana ta biyu wata mata daga ɗaya reshen ta turo hoto: ta manna tef mai santsi a ƙarƙashin ƙafar keken. Bakanike ya ce a ƙara tsawon takun allura, Kurma ta ce a sassauta dannawar ƙafar. Da aka haɗa ukun, yadin ya tafi. Kafin la'asar kekuna sittin a nan da arba'in a can duk sun kama gudu. Aka yi ta tafi a ɗakin kamar an ci ƙwallo.

Likita ba ta manna tef ɗin ba. Ta ci gaba da manta, tana taka keke kamar da shi take faɗa. Ko ba komai ta riga su da riga ɗari da hamsin.

Ranar Litinin da safe aka aiko cewa Manaja yana kiranta. Ba ofis aka kai ta ba, bayan gini aka kai ta, inda aka kafa famfo mai feshi don gwada rigunan. An sa wa wani gunkin roba riga, ana feshe shi. Mai Liƙi tana tsaye, Auta tana gefe, ga tulin riguna a kan tebur. Manaja ya cire rigar ya juya cikinta. Tef ɗin da aka liƙa a kafaɗa ya ɗago kamar ɓawon ayaba, cikin rigar ya jiƙe sharkaf. Ya nuna mata lambar layi da ke wuyan rigar. Nata ne.

"Duk na sauran layuka sun riƙe," in ji shi. "Naki ɗari biyu da goma, ba wadda tef ya zauna. Me ke faruwa?"

Mai Liƙi ba ta jira amsa ba. Ta goga yatsa a kan ɗinkin ta kai hanci. "Mai ne. Allura ta tura shi ta cikin ramukan ya ratsa ciki. Gam ba ya kama wurin da mai ya taɓa, ko ɗigo ɗaya ne." Ta dubi Likita, ba da faɗa ba, da mamaki. "Baiwar Allah, ai da kin faɗa ranar farko da na gaya miki. Mu ma mun taɓa yin wannan kuskuren a inda na baro."

Shekara goma sha bakwai ba a taɓa mayar wa Likita da ɗinki ba. Manaja ya cire hula ya share goshi. Ya ce yadin da ya rage ba zai isa a sake yanka ɗari biyu ba, kuma kafin a kawo wani damina ta sauka.

"Ranka ya daɗe, a ba mu zuwa gobe," in ji Auta. "Bari mu tambaya."

Mu. Kalmar ta soki Likita fiye da ruwan da ke ɗiga daga rigar.

Ta koma kekenta ta zauna ba ta taka ba. Ta san hoton ɗinkinta yana yawo a wayoyi ɗari, a nan da ƙetaren gari. Da hutun rana ɗakin ya watse, sai ga Auta ta dawo ita kaɗai.

"Kin ji daɗi," in ji Likita tun kafin ta ƙaraso. "Yau kowa ya ga Likita ta kashe majiyyaci."

"Ban sa sunanki ba. Na ce mai ya taɓa wasu riguna, yaya za a yi."

"Sai ki rubuta a littafin naki. Ki sa a ƙasan shafi, daga Likita aka koya."

Auta ta ja kujera ta zauna. A karon farko ba ta sunkuyar da kai ba. "Yaya, me na yi miki? Ki faɗa mini yau. Ke kika kawo ni nan. Duk abin da na sani a kan keke daga hannunki ne. Kwana huɗu ba kya nan, mata suna zaune suna kallon kekuna kamar marayu, shi ya sa na tara su. In kin yi tafiya fa? In kin bar aikin fa? Sai a rufe masana'antar?"

"Da can ana zuwa wurina."

"Ana zuwa, ana tsoronki. Kin san Doguwa sai ta yi minti goma tana shawara kafin ta taso? Kina gyara musu kina juya baya."

"Ni wa ya koya mini? Shekara goma sha bakwai, Manaja bai taɓa ba ni ko kujera mai jingina ba. Ke shekara biyu, an ba ki ɗaki da allo."

Ta faɗe shi da ƙarfi fiye da yadda ta so, muryarta ta karye a ƙarshe.

"Ɗakin ba nawa ba ne," in ji Auta a hankali. "Amma na ji. Wannan kam ba a kyauta miki ba." Ta miƙe. "Suna can suna gwaji. Ba wanda ya san inda man ya bi a jikin rigunan nan sai ke."

Likita ta bar ta ta fita. Ta zauna minti biyar tana kallon aljihun tebur. Sannan ta buɗe, ta ɗauko murfin kwalbar da man a ciki, ta bi bayanta.

Ɗakin ya fi yadda take zato ƙanƙanta, ga zafi, ga mutane har bakin ƙofa. Da ta shiga aka yi tsit. Ta ajiye murfin a kan tebur.

"Ni ce," ta ce. "Kafaɗa da hannu da tsakiyar baya na shafa wa. Gefe da hula ban taɓa ba, kada ku ɓata lokaci a kansu."

Ba wanda ya yi dariya. Bakanike ne ya matsa mata a kan benci, ya ce, "Likita ma takan kamu da mura, zauna." Sai aka yi dariyar, ita ma bakinta ya ɗan motsa.

Wata mai guga ta ce sabulu da ruwan ɗumi. Mai Liƙi ta ce zai bar danshi a cikin zaren. Wani daga ɗaya reshen ya turo murya ta waya, ya ce a gwada sinadarin da ake goge fata da shi kafin allura a asibiti, yana cin mai kuma yana bushewa nan take. Aka aika sito aka samo kwalba. Aka goge ɗinki ɗaya, aka liƙa, aka ja. Rabi ya kama, rabi ya ɗago.

Likita ta karɓi rigar ta kai kusa da tabarau. "Man ya shiga cikin zaren, goge sama ba zai isa ba. A farke, a goge yadin tsirara, a sake ɗinki da sabon zare. Amma kada a bi tsohon rami, a matsa ciki kamar faɗin ƙwayar shinkafa, tef ɗin zai rufe duka biyun."

"Ba zai rage girman rigar ba?" in ji wani mai yanka.

"Ka bar sarari a kafaɗa fiye da kima, na gani tun ranar farko. Zai ɗauka."

"Kin gani ba ki faɗa ba?"

"Yanzu ai na faɗa."

Aka gwada yadda ta ce. Tef ya zauna daram. Aka kai bayan gini aka feshe gunkin har mai riƙe da famfon ya gaji, cikin rigar a bushe.

Kwana huɗu aka yi ana farka da sakewa. Kowane layi ya ɗauki kasonsa a kan nasa aikin, ba wanda Manaja ya tilasta wa. Likita ta zagaya tana nuna yadda za a matsa ɗinkin, kuma wannan karon sai da ta tsaya a gefe don mai keken ta ga hannunta. Bai zo mata da sauƙi ba. Sau biyu ta kama kanta tana shirin juya baya. Rigunan suka fita saura kwana biyu wa'adi ya cika.

A taron ƙarshen wata Manaja ya tsaya a gaban ma'aikata ya ce zaman Laraba ne ya ceci aikin, ya kira Auta ta fito aka tafa mata. Likita ta tafa sau uku ta naɗe hannu. Har kuskurenta ma ya zama ado a wuyan Auta. Abin ya ci mata rai, kuma ta san ba ranar zai wuce ba.

Da aka tashi suka fito tare zuwa inda ake jiran mota. Hadari ya haɗo, iska tana kwasar ledoji a titi.

"Masu masana'antar suna so a riƙa zaman koyar da sababbi duk Asabar da safe," in ji Auta. "Na ce musu ni ban iya ba. Na ce ke ce."

"Sadaka kike ba ni?"

"Aiki nake ɗora miki. Mutum goma sha takwas ne, wasu ko zura zare ba su iya ba."

Likita ta dubi hanya. Tana so ta ce a'a don kawai daga bakin Auta ya fito. Tana kuma jin yadda kanta ya riga ya fara tsara abin da za ta fara da shi, da irin kekunan da za a ware, da wanda ba za ta yarda su taɓa ba tukuna.

"Goma sha takwas sun yi yawa a lokaci ɗaya," ta ce. "A raba su biyu. Kuma ba na son surutu in ina magana, har ke."

"Ni ai ba zan zo ba."

"Za ki zo. Har yau ɗinkin wuyanki karkacewa yake yi."

Motar ta tsaya cike da mutane, saura wurin mutum ɗaya da rabi. Likita ta riga shiga ta zauna, sannan ta matsa ta jawo jakarta kan cinya. Auta ta matsu a gefenta, ruwan ya fara sauka.